Daga Hauya Zuwa Jika: Yadda Ake Tattara Kalmomin Ƙirga a Ƙasar Tasawa da Mayahi

A watan Janairun 1851 wani Bature mutumin Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka a Tasawa. Cikin abubuwan da ya rubuta game da garin har da ranar da ya tarar da wani attajiri yana fama da ƙirgar wuri. Mutum biyar ko shida suka taya shi kafin a gama da wuri 500,000. Biyar-biyar ake ja da yatsu, a tara tsibi na ɗari biyu ko na dubu, kuma tsibin ɗari biyun nan sunansa hauya goma, domin a bakin mutanen wancan zamani hauya ita ce ashirin. Yau je ka tashar mota ta Tasawa ka tambayi saurayi mene ne hauya, abin noma zai kwatanta maka. Kalmar ba ta yi ƙaura ba, ba a kuma kore ta ba. Wurin da ake ƙirgawa da ita ne ya kau, ita ma ta bi shi.

Wannan shi ya sa na ɗauki tattara kalmomin ƙirga aiki na gaske. Akwai mutane a duniya da suka duƙufa a kansa, suna tara ɗaya zuwa goma cikin dubban harsuna, har da harsunan da wani ya zauna ya ƙirƙira da kansa. Ina girmama himmarsu. Sai dai ɗaya zuwa goma bakin ƙofa ne kawai. Kalmar ƙirga ba ta shiga hannunka ba sai ka san wa ya faɗe ta, a ina, kuma me yake ƙirgawa lokacin da ya faɗe ta. Ƙasar Tasawa da Mayahi makaranta ce babba ga mai son koyon wannan sana'a, saboda a kasuwa guda za ka ji Hausa, ka ji Fulatanci, ka ji Buzanci, wani lokaci Barbarci ko Zabarmanci a bakin baƙi, ga Larabcin makarantar allo, ga Faransancin lakwal.

Kayan aikin ba su da yawa. Littafin rubutu mai kauri, alƙalami biyu, wayar da ke ɗaukar murya, da ƙaramar jaka cike da tsakuwa ko ƙwayar gujiya, aƙalla ɗari biyu da ƴan kai. Jakar nan ta fi wayar muhimmanci, zan faɗi dalili. Lokaci kuma a zaɓe shi: da damina kowa na gona, ba mai zama ya ƙirga maka tsakuwa. Bayan kaka, an ɗaure damma an zuba a rumbu, nan ne hira ke daɗi. In ƙauye za ka shiga, fara da ƙofar mai gari, ka gaida shi, ka faɗi abin da ya kawo ka a fili, ka nemi a haɗa ka da tsofaffi maza da mata. Goro a aljihu ba ya ɓata tafiya. Kafin ka kunna waya, nemi izinin mai maganar, kuma in ya ce kada a rubuta sunansa, rubuta garinsa da kimanin shekarunsa ka bar sunan.

Babban kuskuren sabon shiga shi ne tambaya ta hanyar fassara. Ka ce wa mutum, "Yaya kuke cewa casa'in da yarenku?" to ka riga ka sa masa kalma a baki. Zai laluba ya ba ka abin da yake jin zai gamsar da kai, ko ma ya maido maka da taka kalmar da ɗan sauyin lafazi. Abin yi shi ne ka shimfiɗa tabarma, ka zazzage tsakuwar, ka ce:

"Baba, Allah ya ƙara girma. Don Allah a ƙirga mini waɗannan da ƙarfi, yadda aka saba a gida."

Sai ka yi shiru. Kada ka taya shi, kada ka gyara masa, ko da ka ga ya tsallake. Sa ido a kan hannunsa kamar yadda ka sa kunne a bakinsa. Ɗaya-ɗaya yake ja, ko bibbiyu, ko biyar-biyar irin na masu wurin da Barth ya gani? A nawa yake yanke tsibi ya fara sabo? Wani dattijo da na zauna da shi a wani ƙauye na bakin Gulbin Kaba, ƙarƙashin goriba, duk goma sai ya ware ƙwaya guda gefe, da ya gama sai ya koma ya ƙirga waɗanda ya ware. Da ya kai ta tara bai ce casa'in ba, cewa ya yi gomiya tara. Da na tambaye shi da baki, casa'in zai ce mini, don ya san ita ce ta rediyo.

Gomiyar nan ta cancanci a tsaya a kanta. Duk gomomin da muke amfani da su yau, ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, tamanin, casa'in, aron Larabci ne, sun shigo ta hanyar malamai da fatake. Kafin su, Bahaushe da gomiya yake hawa: gomiya biyu, gomiya uku, har gomiya tara. Larabcin bai tsaya a gomomi ba. Akwai minya, ɗari ke nan, da metan ɗari biyu, da arbaminya ɗari huɗu, da hamsaminya ɗari biyar, da alif wanda har gobe muke faɗa in za mu ambaci shekara. Gefe guda kuma ga zangu da zambar, waɗanda Zabarmawa ke amfani da su yau da kullum a matsayin ɗari da dubu. Ga keso, buhun wuri dubu ashirin. In ka lissafa, wurin attajirin nan na Tasawa keso 25 ne. Wanda ya tsaya a goma ba zai taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, alhali a nan tarihin kasuwanci da karatu ya bar sawunsa.

Don haka ka wuce goma. Karɓi goma sha ɗaya har ashirin ba tsallake, sa'an nan ka kula da lambobin da ke dab da cikar gomomi, wato 18 da 19, 28 da 29, 98 da 99. A nan ne harshe ke nuna ko yana ragi. Bahaushe na iya cewa goma sha tara, yana kuma iya cewa ashirin ba ɗaya. Yana da ashirin biyu babu, tsofaffi kuma suna da gaira da suka aro daga Larabci. Bayan nan sai gomomi duka, sai 100, 200, 400, 500, 1,000, 2,000 da 20,000. Tsakuwarka ba za ta kai can ba, sai ka ce, "In aka sami tsibi goma irin wannan fa, nawa ke nan?"

Rubuta abin da kunnenka ya ji, ba abin da littafin makaranta ya ce ba. Tsakanin Maijirgi da Kanambakashe, gwargwadon inda kakannin mutum suka fito, kana iya jin biyar, biyat ko biyal. Shida ko shidda. Huɗu ko fuɗu. Ashirin ko ishirin. Waɗannan ba kurakurai ba ne, su ne ma abin da ka fito nema. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka muryar da ka ɗauka ita ce shaidarka. Sa wa kowace murya lamba, ka rubuta lambar a saman shafin da ya dace da ita tun kana wurin. Wanda ya bari sai ya koma gida zai tarar da muryoyi talatin bai san ta wa ce ba.

Yanzu ga ramin da ya fi cin mutane a Nijar: kuɗi. Kowa a nan ya san dala tamma biyar ce ta sefa. Mai ƙuli-ƙuli ta ce maka ashirin, tamma 100 take nufi. Ta ce hamsin, 250. Ɗari kuwa 500 ce, jika kuma 1,000, wato dala ɗari biyu. Mun saba har ba mu jin muna lissafi. Amma ni da na tashi cikin wannan ƙirga, ranar da na fara aiki da wani Buzu mai sayar da takalman fata, na nuna masa ƙwandalar tamma 50 na ce yaya sunanta, ya ce maraw. Na rubuta 50 na sa maraw a gabanta. Sai da muka koma kan tsakuwa na ji ya kai goma ya ce maraw, na gane dala goma ya faɗa mini. Da ban fito da jakar ba, da na tafi da ƙarya a littafina, wani kuma ya kwafa daga gare ni. Kuɗi a ware musu shafinsu daban, a rubuta abu uku a jere: adadin da ke jikin kuɗin, abin da mutum ya faɗa, da ma'anar abin da ya faɗa in tsakuwa ake ƙirgawa. Mutanen Mayahi da Tasawa masu zuwa cin rani Kano da Katsina suna da ƙirga biyu a kai, ta sefa da ta naira. Tambaye su duka biyun.

Abin da ake ƙirgawa yana sauya kalmar kanta a wasu harsuna, kuma Bahaushe ba ya zaton haka saboda biyunsa biyu ce, ko mutum ko akuya. A Fulatanci ƙirgar tsura tana tafiya go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi, daga nan sai a ɗora a kan biyar: shida biyar da ɗaya ce, bakwai biyar da biyu, har a kai sappo, goma. Amma in mutane ne, ɗiɗi ta koma ɗiɗo, tati ta koma tato. A Buzanci jinsi ne ke aiki: uku karad ce ga maza, karadat ga mata, goma maraw da marawat. Saboda haka bayan tsakuwa sai ka sake zagaye da maza uku, mata uku, raƙuma uku, kwana uku. Ka nemi na fari da na biyu, da sau uku, da uku-uku, da rabi. Ka bi ma'aunai: tiya nawa ke cika buhu, dami nawa ake fitar da zakka a ciki.

Akwai tambayoyin da ba a yi. Kada ka ce wa makiyayi shanunka nawa, kada ka ce wa uwa ƴaƴanki nawa. Mutane da yawa suna ƙin ƙirga rai, don gudun baki da kuma kunya, kuma tambayar kaɗai ta isa ta rufe maka ƙofar da ka sha wuyar buɗewa. In kana son jin yadda ake ƙirga shanu da Fulatanci, mai da tsakuwarka shanu, ka ce, "Baffa, a ce waɗannan garken wani ne." Zai yi murmushi ya ƙirga. Yadda mutane ke kauce wa lamba shi ma abin rubutawa ne. Masani Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi, ya wallafa nazari a 1968 kan matsayin uku da huɗu da bakwai a al'adar Hausawan wurin: uku ta namiji, huɗu ta mace, bakwai haɗuwarsu. In ka ji tsohuwa ta ce a yi abu sau uku in yaro ne, sau huɗu in yarinya ce, kada ka wuce, rubuta.

Mata kam kada a bar su a baya, kuma in kai namiji ne ka nemi ƴar'uwa ko matarka ta shiga cikin gida a madadinka. Lissafin adashi, da kwanakin jego har arba'in, da na ranar suna, da cinikin fura da mai, duk a hannunsu yake. A ganina tsofaffin kalmomi sun fi daɗewa a bakinsu, saboda Faransancin lakwal da na ofis bai ratsa su kamar yadda ya ratsa maza ba. Wurin samari kuma akwai gwaji mai sauƙi: ka ce saurayi ya karanto maka lambar wayarsa, ko ya gaya maka ƙarfe nawa. Sau da yawa bakinsa zai juya Faransanci bai ma sani ba. Rubuta wannan ma, ba da fushi ba. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, sanin inda Hausa ke riƙe da ƙirga da inda ta saki ya zama abin da malaman makaranta ke bukata.

Malamin allo shi ma a ba shi rana guda. Ban da ƙirgar Larabci, yana da hisabi, inda kowane harafi ke da adadinsa: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu. Jerin mutanen Magrib ya sha bamban da na Gabas a wasu haruffa. Sittin, alal misali, sad ce a na Magrib, sin ce a na Gabas. Tambayi malam wanne ya karanta da kuma wurin wa.

In littafi ya fara cika, zuciya za ta so yanke hukunci. Za ka ga tilo ta Barbarci, wadda ke nufin ɗaya, ka tuna ɗa tilo na Hausa. Za ka ga temede ta Buzaye da teemedere ta Fulani, dukansu ɗari. Za ka ga shida da sadis ta Buzanci da sitta ta Larabci sun yi kama. Wata kamar aro ce, wata dangantaka ce ta asali, wata kuwa katari ne kawai: uwu ta Barbarci ta yi kusa da uku a kunne, amma biyar take nufi. Ka ja layi a ƙarƙashin abin da ka lura da shi, ka rubuta zatonka a gefen shafi da wani launin tawada, kada ya gauraya da abin da aka faɗa maka. Kowace kalma kuma a ji ta a bakin mutum biyu da ba su zauna tare lokacin tambayar ba.

Wannan tsari ba sabo ba ne. Sigismund Koelle, wani ɗan mishan Bajamushe da ya zauna a Firitawun ta Saliyo, ya wallafa Polyglotta Africana a 1854, inda ya jera kalmomi da jimloli kusan 300 cikin harsuna fiye da 100, ya kuma fara da ƙirga. Daga bakin bayin da aka ƴanto ya karɓe su, har da Hausawan Kano da na Katsina. Abin da ya sa ake komawa ga littafin har yau shi ne bai tsaya ga kalmomi ba: ya rubuta garin kowane mai ba shi bayani, da shekarun da ya yi rabonsa da gida. Kai ma saman kowane shafinka ya ɗauki kwanan wata, da gari, da harshe, da shekarun mai magana, da sana'arsa, da sauran harsunan da yake ji, da inda uwarsa ta fito.

Harsunan da aka ƙirƙira kuwa, ba su da tsohuwa a ƙauye da za ka je wurinta. Madogararsu littafin wanda ya ƙirƙire su ne, don haka abin da za ka rubuta a saman shafi shi ne sunansa da shekarar bugu. Esperanto, wanda likitan ido Zamenhof ya fitar a birnin Warso a 1887, yana ƙirga unu, du, tri, kvar, kvin, ses, sep, ok, naŭ, dek. Sha ɗaya dek unu, ashirin dudek, ba ragi ba kwana. Shekarar tana da muhimmanci domin su ma suna sauyawa. A Volapük na Johann Martin Schleyer, wanda ya riga Esperanto da ƴan shekaru, goma bals ce, amma a gyaran da Arie de Jong ya yi a 1931 ta koma deg. Toki Pona, na Sonja Lang a 2001, da gangan ya taƙaita: wan, tu, sai mute mai nufin da yawa, kuma masu son biyar suna cewa luka, wato hannu. Afirka ma tana da nata, irin su Afrihili na Kumi Attobrah a Gana a 1970, da Guosa na Alex Igbineweka a Najeriya, wanda ya ɗebo kalmomi daga Hausa da Yarbanci da Ibo. Ware musu littafi daban. Amfaninsu a wurina shi ne ma'auni: in ka ajiye dudek kusa da ashirin da gomiya biyu da hauya, ko ka ajiye ta kusa da tamanin ɗin Faransawa da ke nufin ashirin huɗu, nan take za ka ga inda harshen da mutane suka rayu a cikinsa ya lanƙwasa, ka tashi neman dalili.

Muna da namu ƙirƙirarren a gida, zaurance. Yara da ƴanmata suna cusa gaɓa cikin kalma don kada a gane su, tara ta koma tabara, goma ta koma goboma, kuma kowace unguwa da irin nata. A karɓe shi wurin masu yin sa, a rubuta dokar da suke bi.

Aikin ƙarshe shi ne komawa. Ka kwafe komai da kyau, ka ajiye muryoyin a wuri biyu don waya na faɗawa rijiya, ka ba makarantar garin kwafi, in kuma tarin ya yi kauri ka nufi masu binciken harsuna a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ko cibiyar IRSH a Yamai. Amma kafin duk wannan, koma wurin waɗanda suka ba ka, ka karanta musu abin da ka rubuta da bakinka. Na yi haka da wata tsohuwa mai saƙar tabarmar kaba a yankin Mayahi. Tana saƙa tana saurare, har na zo kan zangu, inda na rubuta ɗari kawai. Ta ɗaga kai.

"A'a, ɗana. Ba a cewa mutum zangu. Na kuɗin da ne, na wuri. Haka na ji kakata na faɗi."

Na ce, "To Inna, in mutane ne fa?"

Ta ce ɗari. Na soke layin, na rubuta gyaran a ƙasansa da kwanan watan ranar. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta jakar tsakuwar, akwai yadda kakar tata ke tsiba su da ba ta nuna mini ba wancan zuwan.